Almustapha da Sandar da Ba a Ɗaukewa

Shekara shida da wata huɗu ke nan da na san Almustapha, kuma a tsawon wannan lokaci sau biyu kacal na ga ya taɓa maus ɗin kwamfuta. Na farko ya ɗaga shi ne don ya goge tebur. Na biyu ya danne takarda da shi kada fanka ta kwashe ta. Sauran aikinsa duk a baƙin allo yake yin sa, inda babu hoto babu ado, sai ka buga wa na'ura umarni da yatsu, ta amsa maka da layi ɗaya ko biyu.

Ni ce Bushira, sakatariyar ƙungiyar makiyayan yankinmu, reshen Batsari. Aikina rubuta sunan mai garke da yawan shanunsa, domin idan lokacin rigakafi ya zo, likitan dabbobi ya san allura nawa zai ɗauko. Zuwairatu tana yin irin aikina a ofishin Safana. Rajistar kuwa guda ce, fayil ɗaya da ke zaune cikin tsohuwar kwamfutar Safana. Ni ina shigarsa daga Batsari da laftof ɗina ta hanyar sabis ɗin waya, ita tana shigarsa daga teburinta. Almustapha ne mai kula da wannan duka. Shugaban ƙungiya shi ne Baffa Haliru, wan mahaifinsa.

An haifi Almustapha a wata ruga kusa da Babban Duhu, na biyar cikin 'ya'ya tara. Yana shekara bakwai aka ba shi sanda ya bi shanu. Yana goma sha tara wani bijimi ya matse shi a jikin kwamin shayarwa a bakin rijiya, gwiwarsa ta hagu ta tafi. Ya yi wata huɗu a kwance gidan mai ɗori. Da ya tashi ƙafar ta ɗauke shi, amma ba ta ɗauki yinin daji ba. Sai aka kai shi Safana, shagon wani mai buga takardu, yana shara yana jera takarda. A kusurwar shagon akwai wata kwamfuta da aka yi watsi da ita saboda ba ta nuna komai sai baƙin allo. Mai shago ya ce duk wanda zai iya da ita ya ɗauka. Almustapha ya ɗauka. Shekara uku yana fama da ita, yana karanta bayanan da ke cikinta kalma-kalma, yana tambayar mutane a waya, har suka fahimci juna. Shi ya sa har yau idan ya ga allo mai hotuna sai ya ce kamar gidan biki, hayaniya ta yi masa yawa.

Yanzu yana da shekara talatin da huɗu, da mata ɗaya, Surayya, da 'ya'ya uku, da mashin mai tashi a bugu na huɗu. Na ƙirga, ba ya tashi a na uku.

Abin da ya jawo labarin nan ya faru ne shekara biyu da suka wuce. Wata rana na buɗe fayil a Batsari na rubuta garken Malam Lado na Darini, shanu sittin da uku. Ashe a daidai lokacin Zuwairatu ita ma ta buɗe a Safana tana nata rubutun. Na adana nawa na rufe. Bayan minti biyu ta adana nata, sai nata ya hau kan nawa ya shafe shi. Babu wanda ya lura. Ranar rigakafi likita ya zo da allura daidai da lissafin fayil, Malam Lado ya koro shanunsa tun da safe, aka duba babu sunansa. Ya koma da su yadda ya zo, sai bayan mako uku aka yi musu. A cikin makonni ukun nan ya zo ofishina sau biyar, kuma bai taɓa ɗaga murya ba. Zama kawai yake yi yana kallon laftof ɗin, abin da ya fi faɗa ciwo.

Maganin da Almustapha ya kawo daga bakin rijiya ya ɗauko shi. A rijiyarsu kwami ɗaya ne, garke da yawa. Wanda layi ya zo kansa sai ya gitta sandarsa a kan kwamin. Muddin sandar tana nan, ba mai sako saniya. Idan ya gama ya ɗauke abarsa da hannunsa, na gaba ya ɗora tasa. Taɓa sandar wani kuwa, a wurinsu, ya fi zagi.

Ya rubuta 'yar manhaja ya sa mata suna sanda. Kafin ka taɓa rajista sai ka buga "sanda ɗora" da sunanka. Idan babu kowa ta ce maka bismillah. Idan akwai wani ta ce, alal misali, "Akwai sandar Zuwairatu, a jira." In ka gama ka buga "sanda ɗauke". Kalma huɗu ke nan gaba ɗaya, na haddace su cikin minti ɗaya, na ce masa mu fara gobe.

Ya ce, "Gobe kuma, Sakatare? Ba a gwada ba."

Na ce, "To mu gwada yanzu. Ni ga ni, ga Zuwairatu."

Ya ce, "Ku biyu ne, kuma kuna gajiya. Ni ina son mutum hamsin da ba sa shan ruwa, ba sa zuwa suna."

Mutum hamsin ɗin nan na ƙarya ne, shi ya ƙirƙire su cikin kwamfuta. Ya rubuta wata manhaja ta biyu wadda aikinta kawai jarraba ta farko. Da ya danna mata, sai ta saki magatakarda hamsin lokaci guda a kan fayil na gwaji, kowa yana ƙoƙarin ɗora sanda ya rubuta layinsa. A ƙarshe ta ƙirga layuka. In hamsin ne cif, ta rubuta da kore cewa an ci. In ɗaya ya ɓace, ta rubuta da ja. Akwai gwajin wanda ya buga umarni ba daidai ba, akwai na wanda ya nemi ɗora sanda sau biyu, akwai na wanda ya yi ƙoƙarin ɗauke sandar da ba tasa ba, wanda dole a hana shi. Gwaji arba'in da ɗaya. Ya shirya su yadda duk lokacin da ya canja ko harafi ɗaya a manhajar, su tashi da kansu su gudu. Haka ma kowace safiya da an kunna kwamfutar Safana, kafin Zuwairatu ta gama share ƙofa sun gama. Daƙiƙa goma sha tara suke ci.

Wata bakwai muna aiki lafiya lau. Kullum kore arba'in da ɗaya. Na fara faɗa wa mutane a kasuwa cewa mun gama da matsalar rajista har abada.

Sai ranar da na ɓata.

Ranar kasuwar Batsari ce, ana saura kwana takwas a miƙa wa likita lissafin shekara. Tun safe mata masu sayar da nono suka kawo wayoyinsu caji a solar ofishina, waya goma sha ɗaya, ni kuma ba na iya cewa a'a. Ƙarfe goma da kwata na ɗora sanda, na rubuta garke huɗu, ina cikin na biyar laftof ya mutu. Wayata ma ta bi shi. Na ce ba komai, bari rana ta ƙara zafi batir ya cika. Na ɗauki gyalena na shiga kasuwa neman daddawa.

A Safana kuwa makiyaya ashirin da bakwai suna zaune a inuwar ofis. Zuwairatu ta buga umarni, allo ya ce akwai sandar Bushira, a jira. Ta jira minti goma ta sake, amsar ba ta canja ba. Ta kira wayata, a kashe. Ta kira Almustapha.

Ga abin da har yau Zuwairatu take ba da labarinsa a wurin biki. Almustapha yana iya cire sandar nan da umarni ɗaya, shi ya ƙera ta. Ya zauna gaban allo, ya ɗora yatsu, ya janye. Ya ce bai san ko ina tsakiyar rubutu ba, kuma ba a ɗauke sandar mutum ba da saninsa ba. Ya fita ya buga mashin sau huɗu, ya kamo hanyar Batsari da ƙafarsa mai ciwo.

A rumfar masu daddawa ya same ni, ina cinikin ƙwallo na uku. Ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi jikin innata. Sannan ya ce, "Malama Bushira, na zo neman izini ne. Ko zan iya ɗauke sandarki?"

Na ce, "Wace sanda? Ni na yi kama da mai kiwo?"

Ya ce, "Ta fayil. Tun hantsi tana gitte."

Mai daddawa ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Ki ba shi mana, baiwar Allah, tun da ya biyo ki har nan."

Awa uku da minti goma ofishin Safana ya yi a tsaye. A cikin mutum ashirin da bakwai, sha tara sun gaji sun tafi, wasunsu tafiyar rabin yini suka yi kafin su zo.

Washegari Baffa Haliru ya kira mu ukun. Gaisuwa ta ci minti shida, na duba agogo a ɓoye. Sannan ya ce, "Almu, da farko na'urarka ta cinye shanun Lado. Yanzu kuma ta zaunar da dattawa a rana. Ranar Laraba zan zo in gani da idona. In ban gamsu ba, a mayar da ita kwali, mu koma littafi. Kai kuma akwai maruƙa a gida, ba sa nisa."

Babu wanda ya yi dariya. Duk mun san gwiwar nan ba za ta iya ko da maruƙa ba, kuma wannan aikin shi ne abin da Almustapha yake riƙe gidansa da shi.

Almustapha ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, dokar rijiya na bi. Ba a taɓa sandar wani."

Baffa ya kalle shi. Ya ce, "Kana shekara nawa ka bar rijiya?"

"Sha tara."

"Shi ya sa. Rabin doka ka koya, bijimi ya hana ka sauran. To in mutum ya gitta sanda kunama ta harbe shi aka ɗauke shi fa? Shanun duniya su mutu da ƙishi saboda kara?"

"To ya ake yi, Baffa?"

"Kwamin ake dubawa, ba sandar ba. Mai shayarwa, komai nawarsa, kwaminsa a jiƙe yake, don yana zuba guga. In ka ga ya bushe, ka yi sallama sau uku. In ba amsa, ka jingine sandarsa a gefe. Ba ka karya ta, ba ka jefar. In ya dawo ya gan ta a jingine, ya san layinsa ya wuce, ya bi baya."

Na ga Almustapha yana motsa yatsu a kan cinyarsa kamar mai buga allo. A hanya ya ce mini, "Kin san laifin gwaje-gwajena? Mutanena hamsin duk masu ladabi ne. Kowa yana gamawa ya ɗauke sandarsa. Ban saka ko mutum ɗaya mai tafiya sayen daddawa ba."

Kwana shida na bar Batsari na tare a gidan Zuwairatu, don in ga ƙarshen abin. Almustapha bai fara da gyaran manhaja ba. Ya fara da ƙirƙirar marasa ladabi. Akwai Mai Nawa, wanda yake rubutu a hankali amma yana nan da ransa, kada a kore shi. Akwai Mai Dawowa, wanda aka jingine sandarsa ya dawo yana son ci gaba kamar ba abin da ya faru. Akwai Tagwaye, mutum biyu da suka ga kwami ya bushe a lokaci ɗaya. Akwai kuma wanda manhajar gwaji take kashewa yana tsakiyar layi, sandarsa a gitte. Na leƙa allo na ga sunan wannan na ƙarshe.

Na ce, "Malam Almu, me ya sa aka rubuta Bushira a nan?"

Ya ce, "Don in riƙa tunawa da abin da yake gwadawa."

"Duk sunayen duniya?"

"Babu wanda ya kai shi bayani."

Ya saki sabbin gwaje-gwajen a kan tsohuwar manhaja, duk suka fito ja. Na yi tsammanin zai damu, sai na ga yana murmushi. Ya ce gwajin da bai taɓa yin ja ba, ba ka san ko yana gani ba.

Daga nan ya shiga gyara. Ya sa duk mai riƙe da sanda, kwamfutarsa ta riƙa aika alama kowane rabin minti, wannan shi ne zuba guga. In alama ta ɗauke minti biyu, kwami ya bushe ke nan, sai a yi sallama uku, sannan a jingine sanda, a ajiye abin da mutumin ya fara rubutawa a gefe guda. Ranar farko Bushira ta koma kore. Rana ta biyu Mai Nawa da Mai Dawowa suka bi ta. Tagwaye ne suka ƙi. Wani lokaci kore, wani lokaci ja. Ya sa a maimaita su sau dubu, na zauna ina ƙirga. An ci ɗari tara da casa'in da bakwai, an faɗi uku.

Na ce, "Wannan ai ya wuce. Ko a makaranta wanda ya ci haka shi ake ba kyauta. Kira Baffa."

Ya ce, "A cikin ukun nan akwai garken wani, Sakatare. Kina son ya zo ya zauna yana kallon laftof ɗinki?"

Na tuna Malam Lado, na janye maganar kiran Baffa.

Abin da ke faruwa da Tagwaye shi ne, na farko yana jingine tsohuwar sanda, kafin ya ɗora tasa, na biyu ya ga kwami babu kowa shi ma ya ɗora. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma ta isa mutum biyu su shiga fayil. Ya yi yini biyu a kanta. Ranar Litinin da la'asar ya haɗe jinginewa da ɗorawa suka zama motsi ɗaya, yadda ba a barin kwami babu sanda ko na ɗan lokaci. Ya maimaita sau dubu, kore. Na ce ya yi dubu biyar, tun da shi ya fara. Muka sha shayi kofi biyu-biyu kafin a gama. Dubu biyar cif.

Laraba da hantsi Baffa ya zo, tare da Malam Lado a matsayin shaida. Almustapha ya nuna masa koren layuka hamsin da takwas. Baffa ya ce, "Waɗannan mutanenka ne, kai ka haife su, dole su faɗi abin da kake so. Ɗiyata, buɗe naki."

Na buɗe laftof a kan tabarma, na ɗora sanda, na fara rubuta garken Malam Lado, wanda yanzu ya kai saba'in da ɗaya. Na rubuta "Lado, Dar", sai Baffa ya miƙo sandarsa ta gaske ya rufe murfin laftof ɗin da ita a hankali.

Ya ce, "Ta tafi kasuwa. Zuwairatu, shiga."

Zuwairatu ta buga umarni. Allo ya ce akwai sandar Bushira, a jira. Muka jira. Almustapha yana tsaye a kan ƙafarsa mai lafiya, ya ƙi zama. Na ƙirga daƙiƙa ɗari da ashirin a zuci, ban taɓa jin minti biyu masu tsawon waɗannan ba. Sai layi ya fito: "Salamu alaikum, Bushira." Zuwairatu ta karanta da ƙarfi. Na biyu ya fito, na uku ya fito. Sannan: "Ba amsa. An jingine sandar Bushira a gefe. Bismillah, Zuwairatu."

Ta rubuta garke biyu. Baffa ya ce in dawo daga kasuwa. Na buɗe laftof, ya gaya mini an jingine sandata, in bi layi, kuma ga rabin sunan da na fara an ajiye mini. Da Zuwairatu ta ɗauke tata na ɗora tawa na ƙarasa. Malam Lado ya matso ya sa aka karanta masa sunansa da shanunsa sau biyu. Aka haɗa jimilla, garke ɗari da tara, shanu dubu huɗu da ɗari biyu da goma sha takwas. Baffa ya bi garkunan ɗaya bayan ɗaya da ka, yana lanƙwasa yatsu, bai sami wanda ya ɓace ba.

Ya miƙe yana gyara rawani. Ya ce, "Abu ɗaya ne bai yi mini ba. Sallamar nan ta yi sauri. Dattijo kafin ya juyo ya amsa, an kai ta uku. Wannan ba sallama ba ce, kora ce."

Almustapha ya ce, "Nawa za a bari tsakani, Baffa?"

Baffa ya yi sallama da bakinsa, ya tsaya kamar mai sauraro, ya sake. Na duba agogo na ce daƙiƙa ashirin. Almustapha ya zauna a karon farko tun safe, ya canja lamba ɗaya. Gwaje-gwajen suka tashi da kansu, muka tsaya mu biyar muna kallo har kore ya cika allo.

Baffa ya ce, "To, a bar kwalin. Maruƙan ma dama ba za su ji maganarka ba."

Almustapha yana nan a bakin aikinsa, mashin ɗinsa yana tashi a bugu na huɗu. Gwaje-gwajen sun kai saba'in da uku, suna gudu kowace safiya kafin a buɗe ƙofa. Daga ranar zuwa yau an jingine sanda sau tara, kuma babu garken da ya ɓace. Shida daga cikin taran tawa ce. Na roƙe shi sau uku ya canja wa gwajin nan suna, ya ce zai canja ranar da na cika wata shida ba a jingine tawa ba. Yanzu na yi wata biyu da kwana goma sha ɗaya, kuma masu nono yanzu sai laftof ya cika ake sa musu caji.